Tsofaffin kyamarorin fim da darajarsu a yau

Kafin wayar salula ta mamaye harkar ɗaukar hoto, ƙaramar kyamarar fim ce ake gani a wuraren biki da suna da hawan salla a garuruwa irin su Kura da Bunkure a jihar Kano.

Fim ɗaya kan ɗauki hoto 24 ko 36, daga nan sai a kai shi birnin Kano a wanke.

Asalinsu

Kamfanin Konica na Japan ne ya fitar da C35 AF a 1977, kyamara ta farko a kasuwa da ke saita ganinta da kanta, ba sai mai ɗauka ya murɗa komai ba.

Canon ya biyo baya da AF35M a 1979, sannan Contax T2 ta fito a 1990, Olympus mju-II kuma a 1997.

Zuwan kyamarar dijital ya durƙusar da cinikinsu. Kamfanin Kyocera ya daina ƙera Contax a 2005, yayin da Kodak na Amurka ya bayyana karayar arzikinsa a 2012.

Farfaɗowa

Sai dai matasa a Turai da Amurka da Japan sun sake rungumar fim, musamman bayan da Kendall Jenner, mai tallan kayan ƙawa, ta nuna tata Contax T2 a wani shirin talabijin a 2017.

Tun daga lokacin an sha sayar da irinta a kan fiye da dala 1,000, Olympus mju-II kuwa ɗaruruwan daloli.

Abin da ke sa su tsada shi ne ingancin gilashinsu da kuma ƙarancinsu, tun da ba a ƙera su yanzu.

Hattara

Ba kowace tsohuwar kyamara ce ke da daraja ba, domin galibin na roba masu araha ba su da kasuwa.

Haka kuma zafi da ƙurar hunturu da batirin da ya ruɓe a ciki kan lalata su, ga shi kayan gyara sun yi wuyar samu.

Don haka mai irin wannan kyamara a akwati ya cire batirinta, ya duba sunanta kafin ya bai wa 'yan gwangwan.

Idan kuma akwai tsoffin fina-finan da aka wanke a tare da ita, a adana su, domin daga jikinsu ake iya sake buga hotunan iyaye da kakanni.