Motar kwana-kwana mai tsani

Motar kwana-kwana mai tsani ita ce wadda ake ɗora wa dogon tsanin ƙarfe a kan faifai mai juyawa, don ceto mutane daga benaye da watsa ruwa daga sama. Kafin a ɗaga tsanin sai an kafa ƙafafun ƙarfe a gefe da gefe, in ba haka ba nauyi ya rinjayi motar ta kife.

A Jamus, inda kamfanin Magirus na birnin Ulm ya daɗe da yin suna, an fi amfani da samfurin DLK 23/12: kwandon da ke ƙarshen tsaninsa na kai tsayin mita 23 alhali motar na nesa da gini da mita 12. Gajera ce, ta dace da lungunan tsofaffin birane, kuma ƙa'idar Turai ta EN 14043 ce ke tsara ta.

Na Amurka sun fi girma da nauyi, har wasu na da direba na biyu mai sarrafa tayoyin baya. Ƙa'idar NFPA 1901, wadda aka shigar cikin NFPA 1900, ta sharɗanta cewa tsanin ya kai aƙalla mita 15, ƙarshensa ya ɗauki kusan kilo 114. Ana gwada shi duk shekara.