Kano da Tarihin Yada Zango a Hanyar Ƙetare Tekun Atlantika

Tsayuwar da matafiyin jirgin sama ke yi a tsakiyar hanya iri biyu ce. Akwai wadda jirgi ke sauka don ya sha mai, a duba lafiyarsa, sannan ya tashi da mutanen da ya zo da su. Akwai kuma wadda fasinja ke barin jirgin da ya kawo shi, ya jira a filin, ya shiga wani dabam. Ta farkon ce ta ɗaukaka filin jirgin saman Kano a tsakiyar ƙarni na 20. Ta biyun ita ta gaje ta, amma ribarta ta tafi wasu birane.

Jiragen sama sun fara sauka Kano ranar 1 ga Nuwamba, 1925. Guda uku ne na sojan saman Ingila, sun taso daga Helwan kusa da Alƙahira ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham, daga baya kuma suka wuce Kaduna. A lokacin, shekara 14 ke nan da isar jirgin ƙasa Kano, kuma mutanen ƙasar Kudan da Maƙarfi da Ikara, waɗanda layin dogo na Zariya zuwa Kano ya ratsa ta tashoshi irin su Likoro da Gimi, shi suka sani a matsayin abin hawa mafi sauri. Sai a 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara jigila a kai a kai tsakanin Kano da Hartum, inda wasiƙu da fasinjoji ke haɗuwa da babbar hanyar kamfanin ta Landan zuwa Afirka ta Kudu. Ke nan tun tashin farko, wanda ya bar Kano zuwa Turai sai ya sauya jirgi a Sudan.

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya haɗa Kano da ƙetaren Atlantika. Da Bahar Rum ta zama wurin haɗari ga jiragen ruwan Ingila a 1940, sai aka koma kawo jiragen yaƙi cikin akwatuna zuwa Takoradi a Gwalkwas, wato Gana ta yau, a harhaɗa su a can, su tashi rukuni-rukuni ta Legas, Kano, Maiduguri, Al-Fashir da Hartum har Masar. Jirage fiye da 5,000 suka bi wannan hanya. A 1941 Amurka ta shigo ciki ta hannun kamfanin Pan American, tun ma kafin ta shiga yaƙin a hukumance. Jiragenta kan taso daga Miami, su gangara kudu har Natal a gaɓar Birazil, inda tekun ya fi ƙunci, sannan su tsallako Afirka ta Yamma. Da aka buɗe fili a tsibirin Ascension a 1942, ƙananan jirage ma suka samu inda za su huta a tsakiyar teku kafin su ƙarasa Ankara ta Gwalkwas. Daga nan sai Kano da Maiduguri, wasu su nufi Masar, wasu har Indiya da Sin.

Dalilin zaɓen Kano a bayyane yake. Jirgin wancan zamani mai farfela ne, tankinsa ba ya kai shi nesa. Kano na shimfiɗaɗɗiyar ƙasa a bakin Sahara, tana da jirgin ƙasa da ke kawo mai daga gaɓar teku, kuma ita ce babban birni na ƙarshe kafin a shiga hamada, kamar yadda take ga ayarin fatake masu nufar Agadas da Tarabulus tun ƙarnoni da suka wuce. Matsalarta ita ce ƙurar hunturu, wadda kan rufe fili har matuƙi ya kasa ganin titin sauka.

Bayan yaƙi hanyar ta koma hannun kamfanonin fasinja. KLM ta Holan ta fara zuwa Kano a 1947. Sabena ta Beljiyam na tsayawa a hanyarta ta zuwa Kwango, BOAC ta Ingila kuma a hanyar Legas da Ankara. Yawancin waɗanda ke sauka ba Kano suka nufa ba: su miƙe ƙafa, su ci abinci, su sayi kayan dukawa, su koma cikin jirgi. Hotunan lokacin na nuna wani mabushin kakaki a kan raƙumi, wanda ke sanar da isowar jirgi. A 1957 aka buɗe sabon ginin filin, a daidai lokacin da fasahar da za ta rage masa daraja ke dab da fitowa.

A watan Oktoba na 1958 Pan American ta fara jigila tsakanin New York da Faris da Boeing 707. Jiragen jet sun fi sauri, sun fi cin dogon zango, kuma cikin 'yan shekaru aka iya tashi daga Turai a sauka Legas ba tare da an tsaya ko'ina ba. Ba Kano kaɗai abin ya shafa ba. Gander a Kanada da Shannon a Ailan, waɗanda kusan duk jirgin da ke ƙetare arewacin Atlantika kan tsaya a cikinsu, su ma haka aka riƙa wuce su ta sama. Abin da ya riƙe Kano shi ne kasuwancinta da kuma jigilar alhazai, wadda ta zama babban aikin filin, ta kuma jawo masa ranar baƙin ciki mafi girma a tarihinsa: 22 ga Janairu, 1973, lokacin da jirgin da ya kwaso alhazai daga Jidda ya faɗi yayin sauka, mutum 176 suka rasu. A ɓangaren ma'aikata kuwa, makarantar koyon tuƙin jirgi ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, ta zama inda ake horar da matuƙa da injiniyoyi 'yan ƙasa.

Da buƙatar shan mai ta ragu, sai wani tsari ya maye gurbinta. Kamfani kan zaɓi birni ɗaya ya mai da shi cibiya, ya tattaro fasinjoji daga garuruwa da dama, ya rarraba su cikin manyan jirage. Tsarin ya bunƙasa a Amurka bayan an sassauta dokokin sufurin sama a 1978. Cibiya irin wannan ba wurin zama mai kyau kawai take buƙata ba, sai da kamfani mai ƙarfi da ya ɗauke ta gida, kuma nan ne Nijeriya ta yi sake. Nigeria Airways, wadda aka kafa a 1958 ta kuma taɓa zuwa New York daga Legas, ta durƙushe a 2003. KLM ta janye daga Kano a 2012, bayan shekara 65.

Shi ya sa ɗalibi ko ɗan kasuwa daga arewacin Nijeriya da zai je Amurka a yau yake da zaɓi kaɗan. Ko ya bi ta Legas, inda Delta ke tashi kai tsaye zuwa Atlanta tun 2007, ko ya tashi daga Kano ko Abuja ya sauya jirgi a Alƙahira, Adis Ababa, Doha ko wani birnin Turai, sau da yawa ya fara yin gabas kafin ya juyo yamma. Idan tikiti ɗaya ne ya haɗa tafiyar, kaya na wucewa da kansu, kuma in jirgin farko ya makara kamfani ne ke nema masa wani. Idan tikiti biyu ne aka saya dabam-dabam don neman sauƙi, hasarar tasa ce. Mai fasfon Nijeriya na buƙatar bizar wucewa a filayen ƙasashen Schengen, sai dai ana ɗauke wa wanda ke da bizar Amurka mai aiki. A Amurka kuwa, filin da aka fara sauka nan ake bin layin shige da fice, a ɗauki jaka, a wuce kwastan, a sake miƙa ta, ko da akwai wani jirgin na cikin gida da ke jira.