Apapa da ke kwance a ƙasan teku

Mahaifina direban tirela ne, saboda haka tun ina yaro sunan Apapa yake a kunnena: tashar jiragen ruwan Legas, inda yakan kwana a layi yana jiran lodi. Sai da na girma na san akwai wata Apapa, jirgin ruwan kamfanin Elder Dempster, mai jigilar fasinja da kaya tsakanin Legas da Liverpool.

Kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya, teku na da ƙa'idarsa. In za a nutsar da jirgin 'yan kasuwa, sai a tsayar da shi, mutane su shiga kwale-kwalen ceto tukuna. Jirgin yaƙi mai nitso ne ya kashe wannan al'ada, domin da zarar ya leƙo sama ya tona wa kansa asiri. A watan Fabrairun 1917 Jamus ta yi shelar harbin duk jirgin da ya doshi Birtaniya ba gargaɗi, don yunwa ta durƙusar da ita. A watan Afrilu kaɗai jiragen da aka nutsar sun haura tan 800,000.

Ranar 28 ga Nuwamba 1917, wajen ƙarfe huɗu na asuba, Apapa ya iso daura da tsibirin Anglesey na Wales, saura ƙiris ya kai Liverpool. Nan jirgin Jamus mai nitso, mai lamba U-96, ya sakar masa nakiya. Ana cikin saukar da mutane a kwale-kwale, ga duhu ga sanyi, sai ta biyu ta biyo. Mutum 77 suka rasu.

Waɗanda suka fi tsaya mini a rai su ne ma'aikatan cikin jirgin, da yawansu 'yan Afirka ta Yamma. Kamfanin yakan ɗauke su aikin zuba kwal a tukunyar injin, can ƙasa da bakin ruwa, daidai inda nakiya ke sara. Shebur a hannunsu, gumi na zuba, tsakaninsu da sararin sama tsani bayan tsani. Neman abinci ya fito da su, kamar yadda ya riƙa fitar da mahaifina kan hanyar Legas.

Littattafan yaƙi sun fi lissafa tan nawa aka nutsar. Ni kuwa duk sa'ad da aka ambaci Apapa, waɗannan leburorin nake tunawa, da matan da suka yi ta jiran albashin da bai iso ba.