Yadda Lissafi Ya Nemo Siris Bayan Ta Ɓace

A ƙarshen ƙarni na 18, masana falaki na Turai sun ƙwallafa rai a kan wani giɓi da ke tsakanin Mirrihu da Mushtari. Wani lissafi da Johann Bode ya yayata a 1772 ya nuna tazarar duniyoyi daga rana tana bin tsari, kuma bisa tsarin ya kamata a sami duniya a wurin. Da aka gano Yuranus a 1781 kusa da inda lissafin ya nuna, sai zato ya ƙara ƙarfi. A 1800 wasu masana suka taru a Jamus, suka shirya raba sama tsakaninsu don farautarta.

Ashe rabon na wani ne. Daren 1 ga Janairu 1801, Giuseppe Piazzi, wani malamin coci da ke duba taurari a tsibirin Sisili, ya hango ɗan ɗigon haske. Washegari ya tarar ɗigon ya gusa. Ya yi ta binsa har 11 ga Fabrairu, rashin lafiya ta katse shi, daga baya hasken rana ya rufe wurin. Ya raɗa wa abin suna Siris, amma fa ta ɓace.

Nan gizo ke saƙa: sai an lissafa hanyarta kafin a sake gano ta. Tun 1609 Kepler ya nuna duniyoyi suna kewaya rana a kan hanya mai siffar ƙwai, Newton kuma ya bayyana ƙarfin jan da ke riƙe su. Sai dai Piazzi ya ga tafiyar digiri 3 kacal cikin 360. Da wannan ɗan guntu Carl Friedrich Gauss, saurayi ɗan shekara 24, ya fitar da hanyar Siris gaba ɗaya, aikin da a ganina ya fi gano Siris ɗin wuya. Ranar 31 ga Disamba 1801, Franz von Zach ya tabbatar da ganinta dab da inda Gauss ya ce.

Murna ba ta daɗe ba, don Falas ta bayyana a 1802, Juno a 1804, Besta a 1807, duk a yanki guda. Giɓin ba duniya ɗaya ke cikinsa ba, tarkacen duwatsu ne da jan Mushtari ya hana su dunƙulewa. Siris ce babbarsu, faɗinta kusan kilomita 940, tana kewaya rana cikin shekara 4 da wata 7. A 2006 aka sanya ta cikin ajin ƙananan duniyoyi, tare da Fuluto.