Takunkumin Tattalin Arziki a Kan Iraƙi (1990–2003) da Gyare-gyaren da Suka Biyo Baya

1.0 Gabatarwa

A asalin ma'anarta, kalmar "takunkumi" tana nufin abin da ake ɗaura wa dabba a baki don hana ta ci ko cizo. Daga baya ma'anar ta faɗaɗa zuwa hana wata ƙasa ciniki da sauran ƙasashe. Wannan maƙala za ta bi diddigin takunkumin da aka ƙaƙaba wa Iraƙi, da yadda illarsa ta sauya tsarin.

2.0 Takunkumin Gama-gari

Iraƙi ta mamaye Kuwait ranar 2 ga Agusta, 1990. Bayan kwana huɗu, Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da Ƙuduri na 661, wanda ya haramta kusan duk wani ciniki da ita. A 1991, Ƙuduri na 687 ya gindaya sharaɗin cewa sai ta rushe shirinta na nukiliya da sauran makaman ƙare-dangi kafin ta ci gaba da sayar da mai.

Sai dai kuma talakawa ne suka ɗanɗana kuɗarsu. Ƙasar ta dogara ne da kuɗin mai wajen shigo da yawancin abincinta. Yaƙin 1991 ya lalata tashoshin lantarki, sannan kayan gyara da sinadarin tace ruwa suka yi wuyar shiga, bisa fargabar za a karkatar da su ga aikin soja. Ƙuduri na 986 na 1995 ya kafa shirin musayar mai da abinci, wanda ya soma aiki a ƙarshen 1996. Duk da haka, jami'ai biyu da suka shugabanci aikin agajin Majalisar a Bagadaza, Denis Halliday (1998) da Hans von Sponeck (2000), sun yi murabus don nuna adawa da takunkumin.

3.0 Gyara

Daga 1998, tarurrukan Interlaken a Suwizalan suka share fagen takunkumi mai auna shugabanni kai-tsaye, ta hanyar riƙe kadarorinsu a bankuna. Wannan salo, haɗe da haramta sayar da kayan nukiliya, shi aka soma bi a kan Koriya ta Arewa da Iran a 2006. Iran ta amince da taƙaita shirinta a yarjejeniyar 2015 domin a sassauta mata, amma Amurka ta fice a 2018. Ita kuwa Koriya ta Arewa, gwaji shida ta yi zuwa 2017.

4.0 Kammalawa

Binciken da Amurka ta gudanar bayan mamayar 2003 ya nuna cewa shirin nukiliyar Iraƙi ya tsaya tun 1991, amma jama'arta suka kwashe shekara goma sha uku cikin ƙunci. A 2022, Ƙuduri na 2664 ya keɓe kayan agaji daga matakin riƙe kadarori. Tarihin ya nuna cewa takunkumi yakan yi tasiri ne idan akwai masu sa ido a ƙasa, kuma aka fayyace wa ƙasar sharaɗin cire shi.