Malami mai bincike a jami'o'in Nijar: hanyar shiga da matakan girma a fannin kimiyya da injiniyanci

A Nijar, wanda ke koyarwa a jami'a ana kiransa malami mai bincike, domin aiki biyu ke kansa: koyar da ɗalibai da gudanar da bincike. Na farkon shi kowa ke gani, amma na biyun shi ke ɗaga mutum daga wani matsayi zuwa wani.

Ina ake aikin?

Jami'ar Yamai ita ce uwa. An fara ta a 1971, kuma tun 1992 take ɗauke da sunan Abdou Moumouni Dioffo, ɗan Tasawa masanin kimiyyar lissafi da makamashin rana. A 2010 aka kafa jami'o'in Maraɗi, Damagaram da Tawa, sannan a 2014 aka ƙara na Agadas, Difa, Doso da Tilaberi. Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi tana da tsangayar kimiyya da fasaha, da ta noma da muhalli, da kuma cibiyar IUT mai horar da ma'aikatan gine-gine da lantarki. A Yamai akwai makarantar EMIG ta injiniyoyin ma'adinai da masana'antu. Masu son bincike zalla kuma suna da cibiyoyi irin su INRAN ta binciken noma.

Takardun da ake bukata

Bayan bak, tsarin LMD ya tanadi shekara 3 na lisansi, 2 na masta, sai aƙalla 3 na doktora. Mai masta na iya samun wasu awoyi na koyarwa a matsayin malamin wucin gadi, ana biyansa gwargwadon awoyin da ya yi, amma kujerar dindindin ta mai doktora ce, kuma sai an buɗe gurbi an tantance takardun masu nema.

Matakan girma

Matakai huɗu ne, da sunayensu na Faransanci: assistant, maître-assistant, maître de conférences, sai professeur titulaire, wato cikakken farfesa. Ba shugaban jami'a ke yanke hukunci kan cancanta ba. Wannan aikin hukumar CAMES ce, wadda aka kafa a Yamai a 1968, mai cibiya a Wagadugu. Kowace shekara kwamitocinta na ƙwararru daga ƙasashe mambobi suna zama su duba takardun ƴan takara. A fannin kimiyya da injiniyanci ba jarrabawar baka ake yi ba kamar a likitanci ko shari'a; takardun ne ke magana.

Abin da ake dubawa shi ne shekarun koyarwa, da maƙalolin da mutum ya buga a mujallun kimiyya da aka amince da su, da ɗaliban masta da doktora da ya jagoranta. Malamin da aji ya cinye lokacinsa bai buga komai ba, yana iya shekara da shekaru a wuri guda, ko da ɗalibai na yabonsa.

Shawara ga mai niyya

Tun a masta ya kamata ɗalibi ya shiga wani ɗakin bincike, ya nemi malamin da ke bugawa ya jagorance shi. Ya koyi Ingilishi, domin da shi ake buga yawancin manyan mujallu. Ya kuma zaɓi batun da ƙasa ke bukata: wutar rana, ruwan ƙarƙashin ƙasa, irin hatsi mai jure fari, yuraniyom ko man fetur. Irin waɗannan batutuwa sun fi saurin samun tallafi da abokan aiki daga waje, inda kayan gwajin da babu su a gida suke.