Neman Ranar Rasuwar Kakanni: Daga Wadata Zuwa Ɗakunan Ajiyar Tarihi

Unguwar Wadata a birnin Yamai matattara ce ta matafiya. Tasharta ce ke karɓar masu zuwa daga Dosso, Tawa, Maraɗi da Damagaram, kasuwarta kuma ta bunƙasa ne bayan gobarar da ta cinye Babbar Kasuwa a 1982. Da yawa daga ƴaƴan unguwar an haife su a birni, amma kakanninsu suna kwance a garuruwan asali. Idan rabon gado ko rikicin gona ya taso, ko kuma sha'awar sanin asali, tambaya ɗaya ce ke tsayar da su: yaushe wane ya rasu, kuma ina shaida?

Wahalar amsar tana da tarihi. A ƙasar Sikotlan, tun 1855 doka ta wajabta rubuta kowace mutuwa, kuma takardar kan ambaci sunayen iyayen mamacin duka biyu, ta yadda takarda ɗaya ke kai mai bincike ga zuriyar da ta gabata. A Nijar kuwa, wadda ta zama mallakar Faransa mai gwamnanta a 1922, aka kuma maido fadarta daga Damagaram zuwa Yamai a 1926, rajistar haihuwa da mutuwa ta fara ne da Turawa da masu ƴancin zama Faransawa. Sai a 1933 aka kafa rajista domin ƴan ƙasa a yankin Afirka ta Yamma na Faransa, aka gyara ta a 1950, amma ba ta wuce manyan garuruwa da ma'aikatan gwamnati ba sosai. Talaka na ƙauye yakan shiga littafin kwamanda ne ta ƙofar haraji, wato lanho: a rubuta sunansa lokacin ƙidaya, a soke shi idan ya mutu. Shi ya sa tsofaffin takardu suka cika da kalmar "né vers", wadda ke nufin shekarar haihuwa ta kintace ce.

Bayan samun ƴancin kai a 1960, an tsara rajistar da dokokin 1985, 2007 da 2019. Duk da haka, al'adar gaggauta jana'iza ta sa sau da yawa akan rufe mamaci kafin a tuna da ofis. Iyalai da dama ba su neman takardar rasuwa sai fansho ko gado ya tilasta, sa'annan su kai shaidu gaban alƙali ya yanke hukuncin da ke maye gurbinta.

Saboda haka mai fara bincike daga gida zai soma. Tsohuwar da ba ta san 1984 ba ta san shekarar El-Buhari, kamar yadda magabatanta suka san Kakalaba, yunwar 1913 zuwa 1914. Idan ta ce mijinta ya rasu damina biyu bayan juyin mulkin Seyni Kountché, to 1974 ce ma'auni. Daga nan sai akwatin maigida: katin iyali, rasit na haraji, littafin soja, hoton da aka rubuta kwanan wata a bayansa. A gidajen malamai kuma, akan tarar da ranar wafatin wani shehi a gefen littafi, da ajami da lissafin Hijira.

Da shekara a hannu, sai a nufi ofishin magajin garin da aka yi rasuwar, ba inda magada ke zaune ba. Wanda ya cika a asibiti yakan bar suna a rajistarta. Maƙabartar Yantala tana taimakawa inda allon kabari bai goge ba, haka ma sanarwar ta'aziyya a tsofaffin bugun jaridar Le Sahel.

Abin da ya shafi zamanin Turawa ya rabu gida uku: Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa a Yamai, inda rahotannin kwamandoji suke, ma'ajiyar Dakar, tsohuwar fadar gwamna janar, da ta Aix-en-Provence a Faransa. Sojojin da suka mutu a yaƙin 1914 zuwa 1918 ana neman katunansu a shafin intanet na Mémoire des hommes. A yi hattara da rubutun suna, domin magatakardan Faransa ya mai da Usmanu "Ousmane", Mamman "Mamane". Cibiyar IRSH tana riƙe da rubuce-rubucen Larabci da ajami waɗanda Boubou Hama ya aza harsashin tara su, CELHTO kuma, wadda aka kafa a 1968, tana adana tarihin baka.

Ƙa'idar aikin ita ce kada a amince da shaida guda: baki ya gwada takarda, takarda ta gwada baki. Malaman makaranta da ƙungiyoyin raya al'adu na iya sa ɗalibai su rubuta rasuwar magabatan gidajensu tare da sunan wanda ya ba da labarin. Takardun Dakar za su jira mai nemansu, amma tsohuwar da ta san shekarar El-Buhari ba za ta jira ba.